Muryar Kakaki a Cikin Ogan da Yadda Ta Bambanta a Ƙasashen Turai

Ogan mai bututai, wato babban kayan kiɗan nan da aka fi sani a majami'un Turai, ba murya ɗaya gare shi ba, domin a cikinsa akwai jeri-jeri na bututai, kowane jeri da irin amonsa, kuma kowane maɓalli na allon kiɗa yana da nasa bututun a cikin jerin. Irin wannan jeri shi ake kira murya, makaɗi kuwa yana buɗe ta ko ya rufe ta da jan wani ɗan mariƙi da ke gefen allo, wanda aka rubuta sunanta a kansa. Daga cikin sunayen da ake rubutawa a kan waɗannan mariƙai, kaɗan ne suka kai na kakaki yaɗuwa, ga shi a Faransa Trompette, a Jamus Trompete ko Trommet, a Sifaniya Trompeta, a Italiya Tromba, a Ingila Trumpet. Sunan ɗaya ne, amma wanda ya saurari kakakin Poitiers ta Faransa sannan ya saurari na Hamburg ta Jamus zai yi wuya ya yarda abu guda ake nufi, kuma wannan bambanci bai taso daga gwanintar wani maƙeri ko gazawar wani ba, ya taso ne daga irin aikin da kowace ƙasa ta ɗora wa muryar, da irin ginin da ta ajiye ta a ciki.

Asalin ogan yana komawa ga Iskandariyya ta Masar, inda wani injiniya mai suna Ktesibios ya ƙera na farko a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, yana amfani da nauyin ruwa wajen daidaita iska. Ogan ya sake shiga yammacin Turai a shekarar 757, lokacin da sarkin Rumawa na Kustantiniyya ya aika wa Pepin, sarkin Farankawa, da guda ɗaya a matsayin kyauta. Manyan ogan na tsakiyar zamani ba su da muryoyi da za a zaɓa, duk wanda ya danna maɓalli ɗaya bututai da yawa ne za su yi kuka tare, babu halin rage su. Sai a ƙarni na 15 maƙera suka gano dabarar raba jeri daga jeri, daga nan ne kuma sha'awar kwaikwayon kayan busa ta kama su, ta yadda littafin Arnolt Schlick na 1511 a kan ƙirar ogan ya riga ya ambaci muryoyin da ke kwaikwayon kayan busa, littafin Michael Praetorius na 1619 kuma ya zana siffofinsu iri-iri.

Bututan ogan kashi biyu ne. Mafi yawansu suna aiki ne da iskar da ke karo da leɓe mai kaifi, irin yadda sarewa take yi, babu abin da ke motsi a cikinsu sai iskar. Kashi na biyu, inda kakaki yake, su ne masu harshe: a cikin wani kube na dalma akwai ɗan siririn bututu na tagulla wanda aka shafe gefensa ɗaya aka bar shi a buɗe, shi ne maƙogwaro, a kan wannan buɗaɗɗen gefe kuma an ɗaure wani falle na tagulla mai ɗan lanƙwasa, shi ne harshe. Idan iska ta cika kuben sai harshen ya riƙa bugun maƙogwaro yana buɗewa yana rufewa da sauri, amon ya bi ta wani dogon mazurari na kuza da dalma wanda ke faɗaɗa zuwa sama. Wata waya da ke danne da harshen ita ce ta saiti, a buga ta ƙasa sauti ya sirance, a ja ta sama ya yi kauri. Saboda haka, ko da yake sunansa kakaki, a yadda yake aiki ya fi kusa da algaita, wadda ita ma abin da ke karkarwa a bakinta ne ke haifar da amo, ba leɓen mai busa ba. Tsawon mazurarin mafi girma shi ke ba murya lambarta: ta ƙafa 8 tana fitar da sautin maɓallin da aka danna daidai, ta ƙafa 4 tana hawa sama da mataki takwas na kiɗa, ta ƙafa 16 tana sauka ƙasa da mataki takwas. Duk bambancin da ke tsakanin ƙasashe yana ƙunshe ne a cikin abubuwa huɗu da ba su cika tafin hannu ba in ban da mazurarin: faɗin kafar maƙogwaro, kaurin harshe da lanƙwasarsa, faɗin mazurari, da ƙarfin iskar da zugazugai ke turowa.

Faransawa ne suka fi kowa ɗaukaka wannan murya a ƙarni na 17 da na 18. Maƙogwaron da suke yi a buɗe yake tun daga sama har ƙasa, harshen kuma siriri ne, abin da ke ba da amo mai kaifi da tsatsa wanda ke fita nan take da an taɓa maɓalli. Amma wannan ƙira tana da aibu ɗaya da maƙeranta ba su ɓoye ba, wato ƙarfinta yana can wajen sautuka masu kauri, tana yin sama kuma sai ta rame. Maimakon su canza kakakin, sai suka yi masa mataimaki, wata murya mai suna Cornet, wadda ba ta da harshe ko ɗaya, bututai biyar ne na sarewa ke kuka tare a kowane maɓalli daga tsakiyar allo zuwa sama, an ɗora su a wuri mai tsayi a bayan fuskar ogan domin su cike gurbin da kakakin ya bari. Haɗuwar kakaki na ƙafa 8 da na ƙafa 4 da ake kira Clairon da wannan Cornet da 'yan wasu muryoyi ita ce abin da suka sa wa suna Grand jeu, kuma al'adarsu ba ta yarda a gauraya ta da ɗaya babbar haɗuwar ba, wato Plein jeu, wadda ta ƙunshi bututan sarewa zalla. Inda kaɗai kakaki ke shiga Plein jeu shi ne a allon ƙafa, inda yake rera tsohuwar waƙar coci da dogayen sautuka a tsakiyar sauran muryoyin.

Wannan tsari ya yi daidai da yadda ibadar Katolika take gudana a Faransa a lokacin, inda mawaƙa ke rera baiti ɗaya, ogan ya karɓi na biye a madadinsu, har littafin ƙa'idojin ibada na Faris na 1662 ya fayyace wuraren da dole a ji tsohuwar waƙar a fili. Tunda ogan ba rakiyar jama'a yake yi ba, gajerun kiɗe-kiɗe yake yi shi kaɗai, abin da ake buƙata shi ne kowane baiti ya zo da launinsa dabam. Shi ya sa François Couperin a 1690 da Nicolas de Grigny a 1699 suke sa wa kiɗansu sunan muryar da za a ja, misali kiɗan da hannun hagu ke yi da kakaki yana tsalle-tsalle a sautuka masu kauri, daidai inda kakakin Faransa ya fi ƙarfi. Dom Bédos de Celles, ɗan zuhudu na ɗarikar Benedikt, ya rubuta awon kowane sashe na waɗannan bututai a babban littafinsa da ya fito tsakanin 1766 da 1778, wanda maƙera ke dubawa har yau. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya halaka ogan da yawa, amma wanda François-Henri Clicquot ya fara a babbar majami'ar Poitiers a 1787, ɗansa ya kammala a 1791 bayan rasuwarsa, ya tsira kusan yadda aka bar shi, kuma a can ne ake zuwa a ji ainihin amon.

Sifaniyawa sun ɗauki wata hanya wadda ido ke gani kafin kunne ya ji. Wajen shekarar 1659, wani ɗan zuhudu na ɗarikar Faransis mai suna José de Echevarría, mutumin Eibar ta ƙasar Bask, ya fito da jerin kakaki daga cikin akwatin ogan na majami'ar San Diego a Alcalá de Henares, ya kwantar da shi a fuskar ogan, bakinsa yana kallon jama'a, shi da kansa kuma ya kwatanta shi da jerin igwa. Cikin shekara ɗari dabarar ta mamaye Sifaniya da Fotugal. Tana da amfani na zahiri: ƙura da matattun ƙwari ba sa faɗawa cikin mazurarin da ke kwance, alhali ɗan ƙanƙanen datti ya isa ya kashe harshe, sannan makaɗi yana iya kai hannu ga wayoyin saiti ba tare da ya shiga cikin akwati ba. Babban dalilin dai shi ne wurin da ogan yake. A manyan majami'un Sifaniya mazaunin limamai da mawaƙa yana tsakiyar gini, ogan kuma biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu suna fuskantar juna a sama da shi, sau da yawa kowanne da fuska biyu, ta gaba da ta baya. Kakakin da ke kwance yana harba amonsa kai tsaye cikin wannan fili, don haka ba ya buƙatar iska mai ƙarfi, kuma kuskure ne da ake yawan yi a yau a ɗauka cewa kakakin Sifaniya ƙara ce kawai, domin abin da ya bambanta shi shi ne saurin fitarsa da tsabtar amonsa.

Akwai kuma wata al'ada ta Sifaniya da ta ninka sunayen wannan murya. Yawancin ogan nasu allo ɗaya gare su, allon ƙafa kuwa 'yan maɓallai ne kaɗan, sai suka raba kowace murya gida biyu a tsakiyar allo, ta yadda hannun dama zai iya kaɗa wata murya, na hagu wata dabam. Kakakin da ke tsaye a cikin akwati shi ne Trompeta real, na waje kuma kowane rabi da sunansa: Clarín na ƙafa 8 da Trompeta magna na ƙafa 16 a hannun dama, Bajoncillo na ƙafa 4 a hannun hagu. Hikimar a nan ita ce hannun dama, inda bututai ke ƙanana, an ba shi murya mai kauri, na hagu kuma, inda dogayen bututai za su yi nauyin da ba za a iya rataye su a kwance ba, an ba shi siririya, sai duka biyun suka taru a tsakiya inda kakaki ya fi daɗin ji. Da waɗannan ake kaɗa irin kiɗan da suke kira Batalla, wato kwaikwayon fagen fama da kiran mayaƙa da amsawarsu. Jordi Bosch, mutumin Mayorka, ya kai wannan ƙira ƙololuwarta a ogan ɗin da ya kammala a masujadar fadar sarki a Madrid a 1778. Mulkin mallaka ya kai ta nesa: tagwayen ogan na babbar majami'ar birnin Meziko, waɗanda José Nassarre ya kammala a 1736, suna da kakakinsu a kwance, haka ma na Las Piñas a Filifin, wanda Diego Cera ya ƙera tsakanin 1816 da 1824. Daga bututansa 1,031, guda 902 na gora ne, amma da ya zo kan kakaki gora ta ƙi ba da amon da yake so, dole ya koma ga ƙarfe.

A arewacin Jamus da Holan buƙatar ta sha bamban da waɗannan duka. Ogan na biranen Lutheran yana da allo uku ko huɗu da cikakken allon ƙafa, kiɗan da ake yi masa kuma na saƙa ne, layuka huɗu ko biyar suna tafiya tare, kowanne yana son a ji shi. Kakakin da ya fi sauran ƙara zai ɓata wannan saƙa, saboda haka maƙeran wannan yanki suka yi maƙogwaro mai tsukakkiyar kafa da harshe mai faɗi da kauri, a manyan bututai har sukan shimfiɗa dalma ko fata a inda harshe ke bugawa domin su kashe tsatsar. Amon da ke fitowa mai duhu ne da kauri, yana narkewa cikin bututan sarewa maimakon ya hau kansu. A ogan ɗin da Arp Schnitger ya ƙera a majami'ar St. Jacobi ta Hamburg tsakanin 1689 da 1693, mai murya 60, kakakin babban allo na ƙafa 16 ne, aikinsa ya ba sauran muryoyi gindi, a allon ƙafa kuma akwai babban yayansa mai suna Posaune har na ƙafa 32. Johann Friedrich Agricola, almajirin makaɗi Bach, ya ba da labari a cikin littafin Jakob Adlung na 1768 cewa malaminsa ya yaba ƙwarai da muryoyi 16 masu harshe na majami'ar St. Katharinen a wannan birni, waɗanda makaɗinta Reincken yake kula da saitinsu da kansa. Wannan kulawa ba ƙaramin aiki ba ce, kuma akwai abin mamaki a cikinta, domin idan zafi ya ƙaru bututan sarewa ne ke sirancewa, masu harshe ba su cika motsawa ba, amma su ake bi a gyara saboda sun fi kaɗan kuma wayarsu tana kusa.

Iyakar ƙasa ba ta hana ƙira ƙetarawa ba. Gottfried Silbermann ya koyi sana'a a Strasbourg wajen wansa Andreas, wanda ya yi aiki a Faris, shi ya sa kakakin babbar majami'ar Freiberg da ya kammala a 1714 yake da ƙamshin Faransa a tsakiyar Saksoni. Kudancin Jamus da Ostiriya ba su damu da muryoyi masu harshe sosai ba, Italiya kuwa ta daɗe kusan ba ta da su, ta dogara ga bututan sarewa masu laushi irin na gidan Antegnati na Brescia, sai a ƙarni na 17 wani Bafulamanke ɗan ɗarikar Jesuit, Willem Hermans, ya shigo da su wurare kamar Como da Pistoia.

Ingila ta fara ne daga kango, domin dokar majalisa ta 1644 ta sa an rushe ogan na majami'u, sai bayan dawowar sarauta a 1660 aka sake gini, a hannun Bernard Smith da ya zo daga nahiyar Turai da Renatus Harris wanda danginsa suka yi zaman gudun hijira a Faransa. Ogan nasu ƙanana ne, babu allon ƙafa, kakakinsu kuma an fi amfani da shi a matsayin mawaƙi guda mai rera kiɗa da hannun dama. Makaɗa irin su John Stanley, makahon gwanin Landan, sun rubuta masa kiɗan da ke tsayawa a kan 'yan sautukan da kakakin baki na wancan zamani yake iya fitarwa, ko da yake ogan yana da sauran, wato dai a Ingila ce aka fi ɗaukar sunan muryar da gaske.

Ƙarni na 19 ya sauya ma'aunin gaba ɗaya, saboda ogan ya shiga manyan ɗakunan taro na birane, an kuma samu injunan da ke iya tura iska mai ƙarfi. Ana auna ƙarfin iskar ogan ne da tsawon da take iya tura ruwa a cikin lanƙwasasshen bututun gilashi, tsofaffin ogan kuwa suna aiki da abin da bai wuce inci 3 ko kusa da haka ba. A Faransa, Aristide Cavaillé-Coll, wanda danginsa suka yi sana'ar a kudancin Faransa da Kataloniya, ya magance tsohon aibun kakakin ƙasarsa tun daga ogan ɗin Saint-Denis na 1841: ya ba sirarran sautuka iska mafi ƙarfi, ya kuma ninka tsawon mazurarinsu, sai amon ya riƙa ƙaruwa yayin da yake hawa maimakon ramewa. Ya ajiye muryoyi masu harshe a sashen akwatin iska na dabam wanda makaɗi ke buɗewa da ƙafa, ta yadda za su shigo gaba ɗaya a lokaci guda, kuma a kan wannan dabara kiɗan César Franck da Charles-Marie Widor ya ginu. A ogan na majami'ar Saint-Sernin ta Toulouse da na Saint-Ouen ta Rouen, wanda ya kammala a 1890, ya kwantar da kakaki irin na Sifaniya, abin da Faransawa ke kira en chamade. Ingilawa kuwa suka bi ta ɗaya gefen. William Hill ya saka murya ta farko mai iska mai ƙarfi a ɗakin taron birnin Birmingham wajen 1840, daga ita aka samu wadda ake kira Tuba, Henry Willis kuma ya gyara ta da tsukakken maƙogwaro da harshe mai kauri wanda ake ɗaura wa ɗan nauyi na tagulla, amonta ya zama mai santsi da cika, ba tsatsa, mai iya tsayawa shi kaɗai a gaban dukkan sauran muryoyi. Tuba Magna ta babbar majami'ar Anglikan ta Liverpool tana aiki da inci 50, a Amurka kuma ogan ɗin Atlantic City yana da muryar da ke aiki da inci 100, inda za a iya cewa gasar ta fi ƙarfin buƙatar kiɗa.

Martani ya zo a ƙarni na 20, tun daga ɗan littafin Albert Schweitzer na 1906 a kan ƙirar ogan ta Jamus da Faransa, da taron Freiburg na 1926, inda aka yi kira a koma ga iska mai sauƙi da awon magabata. Ogan na St. Jacobi, wanda aka ɓoye bututansa lokacin yaƙin duniya na biyu suka tsira, Jürgen Ahrend kuma ya kammala gyara shi a 1993, ya zama makaranta ga maƙera. Daga wannan yunƙuri aka samu sha'awar tara kakakin kowace ƙasa a ogan ɗaya, domin makaɗi ya iya kaɗa Couperin da Bach da kiɗan Sifaniya a zama guda, sai dai sakamakon bai zama ɗaya a ko'ina ba. A majami'ar St. John the Divine ta New York, kakakin kwance da G. Donald Harrison ya kafa a 1954 a ƙarshen ginin, nesa da sauran ogan, ya samu dogon fili na dutse da zai yi yawo a ciki, ya kuma yi suna. A wannan shekarar ce aka buɗe ogan na Royal Festival Hall a Landan, wanda Ralph Downes ya tsara, kamfanin Harrison & Harrison na Durham ya ƙera, da muryoyi masu harshe irin na Faransa. Ɗakin ya kasance mai shanye amsa-kuwwa, tsatsar da duwatsun majami'a ke tausasawa kafin ta kai kunne sai ta iso ga masu sauraro ɗanyarta, kuma waɗannan muryoyi suna daga cikin abin da aka fi jayayya a kansa game da ogan ɗin shekaru da yawa bayan buɗe shi.